ALLI DA ALLO: Mu Ɗauki Yara Mu Je Mu Taka Duwatsun Man

A wannan karo za mu ɗan ajiye maganar kuɗin makaranta da tsadar littattafai da muka saba yi, mu tattauna a kan wani abu da wasunmu za su ce ba namu ba ne, wato mutum ya shiga mota ya bar Abijan, ya je ƙauye cikin duwatsu, ya yi tafiya a ƙasa shi da 'ya'yansa don kawai su ga ƙasa. Na san tun kafin in kai ƙarshen wannan jimla, wani Alhaji a kasuwar Adjamé ya riga ya ce, "Wannan ai yawon Nasara ne, wa yake da lokacinsa?" To, Alhaji, Allah ya ƙara arziki, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, sannan a yanke hukunci.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne halin da yaranmu suke ciki. Yaron da aka haifa a Adjamé ko Treichville, in ka duba rayuwarsa, za ka tarar ba ta wuce tsakar gida da makaranta da rumfar mahaifinsa. In an ce ya yi tafiya, to, hanya ɗaya ce ya sani, wato wadda ta bi ta Buwake da Wagadugu ta nufi Yamai, daga can a wuce Tawa ko Maraɗi ko Kano. Ita ma cikin dare da barci ake cinye rabinta. A aji kuwa, duk shekara muna koya wa 'yan aji shida cewa kudancin Kodebuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, tsakiya da arewa tuddai ne masu faɗi, yamma kuma duwatsu. Suna haddacewa, suna rubutawa a jarrabawar CEPE, suna kuma ci. Amma in ka ce wa yaro ya kwatanta maka dutse, sai ya yi shiru, domin kuwa abu mafi tsawo da ya taɓa gani shi ne benayen Plateau. Masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. To, namu yaran ko hangen ma ba su samu ba, a takarda kawai suka ga Dalar.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutane irinmu. Yaranmu a nan aka haife su, a nan za su nemi aiki, da yawansu a nan za su yi aure su tsufa. Kullum ana tambayarsu su 'yan ina ne, wani lokaci da kyakkyawar niyya, wani lokaci da gatse. Yaron da ya taɓa kwana a Man, ya gaisa da dattawan ƙauye, ya ci shinkafarsu, ya san sunan dutsensu, in ya haɗu da ɗan Yakuba a aji ko a wurin aiki yana da abin faɗa masa, kuma shi ma zai ji a ransa cewa yana da rabo a ƙasar nan. Wanda kuwa bai san komai ba bayan gadar Houphouët-Boigny, zai girma baƙo a nan, in ya je Maraɗi kuma a ce masa ɗan Abijan. Shi ke nan ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi.

Sa'an nan ga masu cewa tafiya a ƙasa al'adar Turawa ce, ina roƙonsu su tuna yadda aka yi muka zo nan. Kakanninmu fatake da ƙafa suke tasowa daga Kano, su yi watanni a hanya da jakunansu, su isa Salaga a ƙasar Gwanja, wasu su zarce har Bonduku da ke cikin ƙasar nan, duk don goro. Ayarinsu yana da tsari. Akwai madugu mai shugabantar tafiya, akwai jagaba wanda ya san hanya yake wucewa gaba, akwai uban dawaki mai shiga wurin sarakunan garuruwa ya daidaita abin da za a biya kafin a wuce. Sun san inda ruwa yake, sun san inda ake yada zango, sun san yadda ake gaida mai gari. Mu jikokinsu ne, amma yau daga Forum zuwa Liberté sai mun tsaya jiran woro-woro. Goron ma da muke rabawa a ɗaurin aure da suna, wanda ake ɗaurewa huhu-huhu a Anyama a tura Nijar da Nijeriya, yawancin yaranmu ba su taɓa ganin itacensa ba, alhali kuwa kurmin yamma, wajen Man da Danané, yana cikin wuraren da aka daɗe ana samunsa.

INA NE MAN, KUMA YAYA AKE ZUWA?

Man gari ne a yammacin ƙasar nan, kusan kilomita 600 daga Abijan, shi ne babban birnin jihar Tonkpi. Ana yi masa kirari da garin duwatsu 18, saboda yana zaune ne cikin kwari kamar tuwo a ƙoƙo, duk inda ka juya dutse ne ya tare maka ido. Masu ƙasar su ne Dan, waɗanda muka fi sani da Yakuba, da maƙwabtansu Tura da Wobe da Gere, ga kuma Julawa da sauran 'yan kasuwa da suka daɗe a cikin gari. Abin da ya sa na zaɓi Man shi ne ba sai mai mota ba. Bas yana kai ka har tsakiyar gari, daga nan kuma ƙauyukan da hanyoyin ƙafa suke farawa ba su da nisa, ɗan tasi ko babur ya ishe ka.

Mu mutanen Adjamé ma an rage mana wahala, domin tashoshin manyan motocin a ƙofar gidanmu suke, irin su UTB da sauran kamfanonin da ke bin hanyar yamma. 'Yan Treichville kuma gada kawai za su tsallako. Shawarata ita ce a sayi tikiti tun ana gobe tafiya, a kuma ɗauki motar sassafe. Tafiyar takan cinye yini, to, gara a yi ta da rana, saboda ita kanta hanyar darasi ce. A zaunar da yara ta wajen taga, a ba kowa ɗan littafi da fensir ya riƙa rubuta sunan duk garin da aka wuce.

Daga Abijan za a hau babbar hanyar arewa, wadda aka ƙarasa ta har Yamusukuro a 2013, tafiyar kilomita wajen 230. A Yamusukuro mota za ta karya yamma, a tsallake kogin Bandama, a shiga Bouaflé, ƙasar Guro masu rawar Zauli, sannan Daloa, tsakiyar ƙasar koko da kofi. Bayan Daloa, a Guessabo, za a hau gadar kogin Sassandra, inda mata suke tare mota da kifi. Waɗannan koguna biyu suna cikin manyan kogunan nan huɗu da yara suke rerawa a aji, wato Comoé da Bandama da Sassandra da Cavally. To, ga biyu sun gani da idonsu cikin yini guda. Daga Duékoué sai a juya arewa ta Bangolo da Logoualé, a nan ne duwatsu suke fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, har a gangara cikin Man.

Kada a manta da takardu. Babba ya riƙe katin shaidarsa ko katin ofishin jakadancin ƙasarsa, yaro kuma takardar haihuwa da katin makaranta. In za ka tafi da ɗan da ba naka ba, ko da ɗan ƙanenka ne, to, ka karɓi rubutaccen izini daga mahaifinsa. Jandarmomi suna sa ido sosai a kan manya masu tafiya da ƙananan yara zuwa yankin koko, saboda masu safarar yara zuwa aikin gona, kuma suna da gaskiya. Takarda guda za ta raba ka da doguwar magana a bakin hanya.

Batun masauki kuwa, akwai ƙananan otal-otal a gari, amma kafin ka tashi ka tambaya a masallacinku ko a layinku na kasuwa. Da wuya a rasa wanda yake da ɗan'uwa ko abokin ciniki a Man. Wannan mai masauki shi zai nuna maka inda za ka ci abinci hankalinka kwance, shi ne kuma zai haɗa ka da ɗan jagora na kirki. Da ɗan gari akan ci gari.

ZANGO NA FARKO: RUWA DA BIRAI

Ranar farko kada a fara da babban dutse, ƙafa ba ta saba ba tukuna. A fara da mafaɗar ruwan nan da kowa a garin yake kira La Cascade, kusa da ƙauyen Zadépleu, kamar kilomita 5 yamma da gari. Mai ƙarfi yana iya takawa tun daga gari, mai ƙananan yara ya ɗauki tasi. Ana biyan kuɗin shiga, sannan a gangara ta matakala cikin kurmin gora, wanda inuwarsa take da sanyi ko da tsakar rana. A ƙasa za a tarar da ruwa yana zubowa daga kan dutse hawa-hawa, kamar an shimfiɗa farin zane a kan matakala. A tsare yara kada su hau duwatsun da ruwa ke bi, domin gansakuka ta sa su santsi kamar sabulu.

Da la'asar sai a leƙa Gbêpleu, a gefen gari, inda akwai wani ɗan kurmi da mutanen wurin suke tsarewa. Birai ne a ciki, ba a kashe su, ba a jifansu, in an kira su da ayaba sai su sauko su karɓa a hannu. Mutanen wurin suna ba da labarin cewa wani shugabansu na da mai suna Gbê ya sadaukar da 'yarsa Manlé don garin ya zauna lafiya, wai daga sunanta ne aka sami sunan Man. Baƙo yana tsayawa ne a bakin kurmin, ba ya shiga ciki. A nan uba zai iya koya wa ɗansa wani abu da zai amfane shi har tsufa, wato kana iya girmama dokar mutane a ƙasarsu ba tare da ka bar naka addinin ba. A kuma ja hankalin yara su lura da yawan sunayen da ke ƙarewa da "pleu". A harshen Dan ma'anarsa ƙauye, kamar yadda mu ma muke da Gidan wane da Unguwar wane.

ZANGO NA BIYU: GLONGOUIN DA HAƘORIN MAN

Rana ta biyu ita ce ta babban aiki. A arewa maso gabas da gari akwai wani dutse da ya tsaya ƙiƙam, tsirara, ba itace a kansa, kamar turmin haƙori a bakin tsoho. Shi ne Dent de Man, wato Haƙorin Man. Tsawonsa ya kusa mita 900 daga bakin teku, shi kuwa garin yana bisa mita 300 da 'yan kai, ke nan abin da ƙafa za ta hau ya haura mita 500. Wanda ya taɓa hawa Dala ko Goron Dutse a Kano cikin 'yan mintoci, kada ya ɗauka irinsu ne. Nan sai a ware awa 4 zuwa 5 zuwa da dawowa, in da yara a ƙara a kai.

Ɗaya daga cikin ƙauyukan da ake farawa daga cikinsu shi ne Glongouin, a gindin dutsen. A isa can da sanyin safiya, kuma kada a wuce kai tsaye kamar ba a ga kowa ba. A nan ne aikin uban dawaki yake. Babban cikinku ya tsaya tare da ɗan jagora, a gaida dattawa, a faɗi daga inda aka zo da abin da ya kawo ku, a biya abin da ƙauye ya ɗora wa masu hawa. Wasu 'yan birni sukan tsaya ciniki da ɗaga murya a kan wannan ɗan kuɗi, suna cewa dutse na Allah ne. Gaskiya ne na Allah ne, amma hanyar da za ka bi mutanen ƙauyen ne suke sare ta da adda, gonakin da za ka ratsa kuma guminsu ne. Kai da kake biyan kuɗin rumfa a Adjamé ba ka ce ƙasa ta Allah ce ba, don me za ka faɗa a nan?

Ɗan jagora kuma dole ne. Hanyoyin ƙafa a wurin suna da rassa da yawa, wannan ta nufi gonar wane, waccan ta nufi rafi, wata kuma ta nufi wurin da ba a yarda baƙo ya taka ba. Baƙo ko yana da ido makaho ne. In ɗan jagora ya ce a tsaya ko a kauce saboda dodon gari zai wuce, a bi maganarsa ba musu, domin akwai dodannin Dan da ake fitowa kallo, akwai kuma waɗanda ba kowa ke ganinsu ba. Haka nan kada a ɗauki hoton mutum ko gidansa sai an tambaye shi, kada kuma yaro ya tsinki ko da ƙwallon koko guda a gonar mutane.

Rabin farko na hanyar cikin gonaki take bi. A nan yara za su ga koko manne a jikin itacensa, su ga kofi da 'ya'yansa ja da kore, ga rogo, ga ayaba, ga kwakwar manja. In an yi sa'a ɗan jagora zai nuna musu itacen goro da kwansonsa. Za su kuma ga shinkafa a kan gangaren dutse, wadda ruwan sama kaɗai take sha, abin da zai ba ɗan Sakkwato mamaki, shi da ya san shinkafa a fadama. Za ku riƙa gamuwa da mata ɗauke da itace ko daron rogo a ka, suna sauko da gangaren da ku kuke haki a kansa hannu wofi. A ba su hanya, a gaishe su. A kuma gaya wa yara cewa wannan kofin da 'yan'uwanmu suke dafawa a teburan shayi na Treichville, ga irin wahalar da ake sha kafin ya iso.

Rabi na biyu shi ne mai tsayi. Gona takan ƙare, a shiga kurmi, hanya ta miƙe tsaye har sai an haɗa da hannu ana kama saiwa da dutse. A nan madugu ya tsara ayarinsa: ɗan jagora a gaba, mafi rauni a bayansa, babba mai ƙarfi a ƙarshe, kuma ba mai wuce wani. A riƙa hutawa kaɗan-kaɗan, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ji jiri ko ƙirjinsa ya riƙe, ya zauna tare da wani babba a jira sauran, ba abin kunya ba ne. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuwa ya nemi shawarar likita tun a Abijan. A can sama wuri ne mai iska, ba shinge ba kariya, saboda haka a zaunar da yara nesa da baki. Daga nan za a ga Man gaba ɗaya a shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano yana ƙyalli, duwatsu kuma jere bayan jere har inda ido ya gaza. A fito da taswirar makaranta a nan, a sa yaro ya nuna gabas da yamma da kansa. Darasin da na yi shekaru ina fama da shi da alli, a wurin nan minti goma ya ishe shi.

GA MAI SAURAN KWANA

Wanda yake da hali ya ƙara kwana, akwai dutsen Tonkoui, mai tsawon mita 1,189, kamar kilomita 20 daga gari. Sunansa a harshen Dan yana nufin babban dutse, daga gare shi ne jihar ta sami sunanta. Shi mota tana hawa har sama, inda akwai dogon ƙarfen watsa shirye-shirye da tsohon gidan hutun gwamna na zamanin Faransawa, don haka ya dace da dattawa. In gari ya yi garau ana hango duwatsun Gini da Laberiya. A tafi da rigar sanyi, domin duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Can kuma wajen Danané, a ƙauyen Lieupleu, akwai gadar da aka saƙa da igiyoyin kurmi zalla a kan kogin Cavally, ba ƙusa ba ƙarfe. Mutanen wurin sun ce cikin dare guda ake saƙa ta, kuma ba a hawanta da takalmi. Dutsen Nimba kuwa, mafi tsawo a ƙasar nan da mita 1,752, a kan iyakarmu da Gini, gandu ne da hukuma ta tsare, ba a shigarsa sai da izini. A can ne ake samun wani ɗan kwaɗo da yake haihuwar 'ya'yansa a raye maimakon ya yi ƙwai.

LOKACI DA GUZURI

Babban hutun makaranta yana faɗawa ne cikin tsakiyar daminar Man, musamman Agusta da Satumba. A lokacin mafaɗar ruwa tana cika tana ruri, amma hanyar Haƙori takan zama taɓo da santsi, bai kamata a kai yara ba. Daga Nuwamba zuwa hutun ƙarshen Disamba shi ne daidai, ƙasa ta bushe, ruwa bai ƙafe ba. In aka shiga Janairu da Fabrairu, hazon hunturu yakan rufe nesa, ruwan kuma ya ragu ƙwarai.

Guzuri ba ya son yawa. Kowane mutum ya ɗauki ruwa lita 2 aƙalla, kada a sha na rafi, kada kuma a bar yara su yi wanka a kwantaccen ruwa saboda tsargiya. Dabino da ƙuli-ƙuli da kilishi da burodi sun isa, ayaba kuma a saya a ƙauye, su ma su ga amfanin zuwanku. Takalmi ya zama mai kama ƙasa. Leke ɗin nan na roba da samari suke sawa ya fi silifa da takalmin zuwa Juma'a nesa ba kusa ba. A sa dogon wando saboda ƙaya da kwarkwasa, kada a cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse saboda maciji, a kuma tafi da gidan sauro. A ƙasar nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, cikin kurmi ma duhu yakan riga haka, to, a tabbata an sauko kafin la'asar. Duk leda da gorar da aka hau da ita, a sauko da ita.

TSORON YAMMA

Akwai wata magana da na san tana ran wasu ko ba su faɗa ba. Da yawanmu in an ambaci yamma sai mu tuna yaƙi. Ba a manta ba cewa 'yan tawaye sun kama Man cikin Nuwamban 2002, kuma an kashe ɗaruruwan mutane a Duékoué cikin Maris na 2011. Rigimar gona tsakanin 'yan ƙasa da baƙi tana cikin abubuwan da suka hura wannan wuta. Amma yaƙin ya ƙare tun 2011, motoci suna zuwa suna dawowa kullum, 'yan makaranta da ma'aikata daga Abijan suna zuwa hutu. Abin da tarihin ya bar mana shi ne darasi a kan ladabin baƙunci. Mutanen da suka ga abin da suka gani suna lura da baƙo sosai, suna bambanta wanda ya shigo da sallama da wanda ya shigo da gadara. A bar maganar siyasa da ta gona a tasha. In muka je muka gaisa, muka biya hakki, muka tafi ba mu bar ɓarna ba, Bahaushen da zai zo bayanmu zai tarar da ƙofa a buɗe.

Saura batun kuɗi. Ba zan ce kyauta ba ne, akwai mota da masauki da ɗan jagora. Amma mu da muka iya adashi don biki da anko, ba za mu kasa yin na wata shida don wannan ba. Magidanta uku ko huɗu su haɗu, su raba kuɗin jagora da na ɗaki. Makarantun allo da na Islamiyya da ƙungiyoyin samarinmu su ma za su iya shiryawa. Ina kuma roƙo kada a bar 'yan mata a gida. Jarrabawa ɗaya suke yi da maza, taswira ɗaya ake tambayarsu, in an tafi da uwa ko yaya babba ba abin da zai hana.

Wanda kuwa Man ta yi masa nisa bana, to, ga gandun Banco nan a bayan gidanmu, tsakanin Adjamé da Abobo da Yopougon. Tun 1953 hukuma ta mai da shi gandun ƙasa, faɗinsa ya haura hekta 3,000, akwai manyan itatuwan kurmi da rafi da hawa da gangara, akwai kuma ma'aikatan gandu masu raka baƙi. Gbaka ɗaya ce daga Adjamé. A je ranar Lahadi da safe, ta ƙofar da hukuma ta buɗe, a taka awa biyu, a ga wanda ƙafarsa za ta iya Haƙori da wanda yake bukatar ƙarin horo.

In an je an dawo, ina da roƙo guda a matsayina na malami. A sa kowane yaro ya rubuta shafi ɗaya a kan abin da ya gani, da Hausa ko da Faransanci, ya karanta wa mutanen gida da dare. Wanda ya fi kyau a aiko mana ta ofishin wannan jarida, za mu nemi wuri mu buga shi a wannan fili da sunan yaron da na makarantarsa.